Iskar da Ke Cikin Tulu

Ranar Talata, ƙarfe biyar da rabi na asuba, na bar gidana a Yelwa, akwatin kayan aiki a hannu, tulun gas a kafaɗa. Gyaran firji ne sana'ata. Na ce wa mutane zan je Wara duba firjin masu kifi, amma ba shi ya hana ni barci ba. Saƙo ya zo cewa Kawu Bawa, ƙanen Inna, masuncin da ya riƙe ni tun ina yaro bayan rasuwar mahaifina, farar yana ta rufe masa ido, kuma ya rantse shi da asibiti har abada. A makon ne kuma na ji a rediyo wai gas ɗin firji ya huda sama, rana za ta riƙa makantar da mutane. Ni kuwa shekara tara ina kwance firji in saki gas ya bi iska. Zuciyata ta ce: Sani, kai ne.

Yelwa zuwa Ngaski

Ƙarfe shida akori-kura ta tashi, naira huɗu kowa. Gaba da Birnin Yauri 'yan sanda suka tsayar da mu. Ɗaya ya ƙwanƙwasa tulun ya ce, "Mene ne a ciki?"

Na ce, "Iska ce, yallaɓai."

Direba ya leƙo. "Iska kad ɗauko cikin mota? To biya mata kujera!"

Kowa ya yi dariya ban da ni. Na kusa da ni, Malam Isa mutumin Shanga, mai koyar da kimiyya a wajen Ngaski, ya lura. Kafin mu yi mil biyar na zazzage masa cikina.

Ya ce sama ba ta huje irin ta buta ba. Can bisa, gaba da inda jiragen sama ke bi, akwai wata iska da ake kira ozon, ita ke tace mugun hasken rana kamar rariya. Gas ɗinmu ba ya ruɓewa, ruwan sama ba ya wanke shi. Sai ya yi ta hawa shekara da shekaru, rana ta fasa shi, abin da ya fito ya shiga cin ozon. Inda rariyar ta fi lalacewa can ƙarshen kudancin duniya ne, ƙasar ƙanƙara. Ya ce manyan ƙasashe sun riga sun sa hannu za a rage yin gas ɗin a hankali.

"Shekara nawa kawunka yana su?"

"Ya fi arba'in."

"Rana daga bisa, rana daga ruwa, ga tsufa. Ba kai ba ne. Yanar ido kuma cire ta ake yi. Amma ka bar saki barkatai. Nemo inda ke yoyo ka toshe kafin ka cika."

Ya sauka Ngaski ƙarfe tara da rabi. Kunnena ya yarda da shi, cikina bai yarda ba.

Wara

Hanyar daga nan ba ta da kunya. Ta girgiza mu har ƙarfe ɗaya. Na gyara firjin masu kifi, na yi awa biyu ina bin bututu da kumfar sabulu har na gano hujin. Mai firjin ya ce, "Yau kuma wane sabon tsarki ya same ka?" Shi ya sauke ni a zaurensa, ya cika ni da tuwon shinkafa da miyar kifi ragon ruwa.

Tungar Kawu

Laraba ƙarfe takwas na shiga kwale-kwale mai inji, tafiyar minti arba'in. Hasken tafkin ya sa na yi ta runtse ido. Na tarar da Kawu gindin tsamiya yana ɗinkin komar kamun kifi da lalube. Mutumin da ke hango motsin kifi daga nesa, sai da na yi magana ya gane ni. Na durƙusa gabansa.

Bayan gaisuwa na kawo zancen asibiti. Ya girgiza kai. "Iska ce, Sani, ta ruwa. Na jefa koma inda ba a jefawa, tat taɓa ni. Likita mi zai yi da iska?"

Bakina ya riga hankalina. "Kawu, in dai iska ce, tawa ce."

Na ɗora masa tulun a cinya, na kwashe labarin rediyo na faɗa masa, murya na rawa. Ya shafa ƙarfen, ya lalubo bakinsa.

"Wagga cikin tulu take? Har da murhi?"

"E, Kawu."

"Iskar da ɗan Adam ka ɗaurewa cikin tulu ba ta isa in ji tsoronta ba."

Kunya ta kama ni, na faɗa masa gaskiya: malami ya ce ba ni ba ne, rana ce da shekaru. Ya ce, "Malami ya wanke ka, muryarka ba ta wanke ka ba. Ɗauko mini malfata. Ba ni barin ɗana da nauyin idona."

Komawa gida

Alhamis ƙarfe bakwai muka bi babban jirgin 'yan kasuwa da ya hau ruwa zuwa Yelwa, muka iso da la'asar. Inna ta tare mu a ƙofa tana hawaye. Kawu ya ce mata, "Bar kuka, iskar ɗanki ta koro ni. Asabar asibitin Sakkwato muka nuhwa."

Na gode wa Allah da Ya kawo mu lafiya, na gode wa Malam Isa da ya haska mini hanya. Sai da na je karɓar tulun daga hannun Kawu na ga tafinsa ya yi shati. Ashe tun daga tunga ya danne bakinsa, kada iskar ta kuɓuce.