Gilashin da ke fashewa shi kaɗai

Shekarun baya, a daminar da Kogin Kaduna ya cika har ya shiga gidajen mutane, ina gadi a wata firamare a Unguwar Mu'azu. Lokacin ban shiga ajin yaƙi da jahilci ba.

Ƙanwar hedimastanmu injiniya ce. Ta zo wata Juma'a ta nuna wa 'yan aji uku aikinta. Ta kai su gaban wata tsaga a bangon ajinsu, ta sa suka manna siririn gilashi a kanta da siminti, ta yi rubutu a ƙasan gilashin. Ni ina bakin get, ban ji bayaninta ba.

Ranar Asabar da azahar, makaranta ba kowa, na ji ƙas! daga ajin. Ƙofa a kulle, makulli a aljihuna. Na buɗe, gilashi ya rabu biyu. Ba dutse, ba sawun mutum.

Tsoro biyu ya kama ni: na abin da ya fasa shi, da na a ce ni ne. Na samo guntun gilashin taga na manna sabo. Bayan kwana huɗu, ina shara bayan tashi, ya sake fashewa a bayana. Na tsaya da tsintsiya ina addu'a. Ƙofar ajin ma ta fara ƙin rufuwa, kamar ana riƙe da ita daga ciki. Sau uku ina canzawa ban faɗa wa kowa ba.

Da injiniyar ta dawo ta duba, ta ce, "Madalla, bango bai motsa ba."

Wata yarinya ta ɗaga hannu. "Anti, ba namu ba ne. Namu na ɗiga masa janfarce."

Daga taga na ce, "Madam, ni ne. Wani abu ke fasa shi, ni kuma ina gyarawa."

"Baba, sau nawa?"

"Uku."

Fuskarta ta canza. Ta nuna rubutun. "An ce idan ya fashe a faɗa wa hedimasta. Ba ka gani ba?"

"Na gani, Madam. Karantawa ce ban iya ba."

Ba ta yi min faɗa ba. Ta juya ta ce, "Yara, idan ba wanda ya taɓa shi, me ya motsa?"

Suka ce, "Bango!"

"To kowa waje. Ku bar jaka."

Aka kulle ajin. Kwana tara bayan nan, da hantsi, ana yayyafi, bangon ya zube ciki.

Har yau idan na ji ƙarar gilashi sai na waiga na duba bango. Ni na tsaya neman wane ne ke fasa shi, yaran kuwa suka gano mene ne ke motsawa. Watan da ya biyo na yi rajistar karatu.

Mun rasa benci goma sha ɗaya, allo, rabin rufi da tulun ruwan ajin. Yara arba'in da biyu, ba mu rasa ko ɗaya ba.