Kwalba Goma Sha Biyu Babu Takarda

Shekara talatin da ɗaya Baba Ƙuda ya yi a ɗaki ɗaya, can ƙarshen barandar ofishin kula da lafiyar itatuwa, tsakanin ɗakin ajiya da banɗaki. Direban ofishin ne ya raɗa masa sunan, har maiɗakinsa ta ɗauka, tana kiransa da shi in ranta ya ɓaci. Ba shi da digiri. Wankin kwalabe aka ɗauke shi, sai wani tsohon shugaba ya lura mutumin yana da ido, ya zaunar da shi gaban madubin da ke girmama ƙananan halittu. Tun ranar bai tashi ba.

Aikinsa ƙudajen jikin itace ne, ba na shara ba, kuma yana jin haushi in an haɗa su. Waɗannan ba su kai rabin ƙwayar shinkafa ba. Suna tsayawa kan ɓawo da ƙirji a ɗage kamar masu jiran kira, in ka kai hannu ba sa tashi, sai dai su matsa gefe. Da hantsi yakan fita da bututun roba a baki, ya zuƙo su cikin kwalba, ya zuba musu sifirit, ruwan da ke hana su ruɓewa, ya rubuta 'yar takarda da fensir ya jefa ciki, don sifirit yana cin tawada: wane itace, wane gefe, daidai gwiwa ko kafaɗa. A ido duk ɗaya suke. Sai a madubi ake rabe su, da karkatar jijiyar fiffike da yawan gashin ƙafar tsakiya. Wasu suna cin tsutsar da ke huda itace, wasu zaman kashe wando kawai suke yi, ofishi kuma yana son sanin wanne ne wanne.

Bai taɓa koya wa kowa ba. Duk wanda aka turo masa, sai ya ce ba shi da haƙuri. Gaskiyar ita ce yana son yadda masu digiri ke tsayawa a bakin ƙofarsa suna jira, wani ma har da sallama sau biyu.

Shekara biyu da suka wuce gashin ƙafar ƙudajen ya fara ɓace masa a madubi. Ya ɗora wa madubin laifi, ya goge, ya sauya ƙwan fitila, ya sayi tabarau a kasuwa yana ɓoyewa a aljihu. Da abin ya ƙi, sai ya gano wata hanya. Ai shekara da shekaru sun sanar da shi wa ke zama a gefen inuwa, wa ke son busasshen ɓawo. Sai ya karanta takardar cikin kwalbar da ƙyar, ya kifa ido a madubi yana murɗa shi na ɗan lokaci, ya rubuta suna. A ransa yana cewa cikin goma yana cin takwas, kuma takwas ɗinsa ta fi goman wani.

Maiɗakinsa ta gane tun da ya fara miƙa mata takardar magani ta karanta masa. Ta ce ya je asibiti, ya ce asibiti takarda suke rubutawa, takarda kuma tana da ƙafa, har ofis take zuwa.

"To Malam, ranar da ka makance, ƙudajen ne za su ja maka sanda?"

Ya ce ta kawo masa ruwa.

Dakta, shugabar sashen, shekararta uku tare da su. Ta fitar da bincike biyu bisa sunayen da yake rubuta mata, ana kuma maganar za a ƙara mata girma. Ranar Litinin ta ajiye masa kwalabe goma sha biyu, ta ce ya yi haƙuri, ruwan sama ya lalata mata takardun a hanya. Ya ce ba komai, ranki ya daɗe. Amma takarda a cikin kwalba take zama, ruwan sama ba ya kai gare ta, shi ya sani, ita ma ta san ya sani.

Kwana biyu ya yi a kansu. Abin da yake gani baƙin ɗigo ne a cikin hayaƙi. Ya rubuta sunaye goma sha biyu, ya kai mata. Abin da ya ba shi mamaki, a hanyar gida jikinsa sakayau, kamar wanda aka sauke wa buhu. Ya ci abinci har da ƙari. Ya san asirinsa ya tonu, ya shirya abin da zai ce in an tara mutane, ya shirya har yadda zai sunkuyar da kai.

Ranar Alhamis ta shigo, ta tura ƙofa, ba ta zauna ba. Ta ce ta bi su ɗaya bayan ɗaya da littafi.

"Nawa na ci, Dakta?"

"Huɗu."

Ya gyara zama, ya fara abin da ya shirya. Ya ce shekara biyu ke nan, durowa shida ce cike da kwalaben da ya sa wa suna da ka, dole a sake duba su duka, a kuma sanar da waɗanda suka karanta binciken. Tun bai kai ƙarshe ba ya ga fuskarta ta sauya. Ba fushi ba ne. Irin kallon da mutum ke yi wa wanda ya kusa ɓarar masa da tukunya ne.

"Baba, wa ya tambaye ka?" Ta yi ƙasa da murya. "Shekara huɗu ta rage maka ka yi ritaya. Ka ci gaba da aikinka."

Ya ce to itatuwan fa, akwai gonakin da aka hana feshi saboda ya rubuta cewa ƙudajensu masu cin tsutsa ne. Ta ce babu wanda ya kawo ƙara. Ta tambayi lafiyar Mama, maiɗakinsa, ta fita.

Ashe abin da ta zo aunawa ke nan: ko ɓarnar ta kai a gani daga waje. Shi kuwa duk tsawon shekarun nan ya ɗauka masu tsayawa a ƙofarsa gaskiyar sunan suke jira.

Washegari ya tarar da tire a kan teburinsa, kwalba arba'in a jere. Kowacce da takardarta a ciki, da rubutun Dakta, manyan baƙaƙe rarrabe, irin waɗanda ake yi wa 'yan aji ɗaya. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya ja kujera, ya ɗauki ta farko.