Kuɗin Sabulun Iya

Shekarar da na haifi 'yata ta fari a Makera muke, ciki da falo, keken ɗinkina a bakin taga. Maigidana yana aiki a masaƙa a Kakuri, ni kuwa a gida nake ɗinki, kayan 'yan makaranta da ankon zumuntar mata. Wata dattijuwa daga Kakau da muke coci ɗaya, mijinta ya rasu, ita ta yarda ta riƙa yi mini reno. Iya nake ce mata.

A wajenmu ba a cewa an ɗauki babba aiki, abin kunya ne. Sai dai ƙarshen wata ki dunƙula wani abu ki ce, "Iya, ga na sabulu." To shi kuɗin sabulu ba shi da mudu. Maigidana, Allah ya jiƙansa, akwai shi da lissafi. Ya ce masu zuwa ofis su ke biyan cikakke, ni ko ina gida, nono ma ni ke bayarwa, ai rabi ya isa. Ni ma na ga kamar haka ne. Na miƙa mata rabi, ta karɓa hannu biyu, ta sa albarka, ko dubawa ba ta yi ba.

Ana haka maƙwabciyata ta tsegunta mini cewa wata nas tana zawarcin Iya, da kuɗi cikakke. Ga ɗinkin Kirsimeti ya taru, ga yarinyar ba ta yarda da bayan kowa sai na Iya. Kuma dama kullum da hantsi Iya sai ta goya ta ta fice, ba a ganinsu sai rana ta take. Ni da zuciyata a kusa, na ce wato gidan nas ɗin take zuwa da 'yata a baya. Na ajiye almakashi na bi sawunta.

Can na same ta, nesa da gida, ƙarƙashin wani mangwaro kusa da layin dogo. A tsaye take tana jijjiga goyo, ƙafafunta sun kumbura sun cika silifas.

Na ce, "Iya, me kike yi a nan? Babu inuwa ne a gida?"

Ta ce, "'Yata, yarinyar nan ta san ƙarar kekenki. Da ta ji, ta san uwarta na kusa, sai kuka, ba goyo ba rarrashi. Ke kuma ki taso, ɗinki ya tsaya. Na gwada bakin famfo, ana jiyowa. Nan ne ƙarar ba ta kawowa."

"To ki zauna mana."

"In na zauna farkawa take yi." Ta yi 'yar dariya. "Da ofis kike zuwa, ai da ina kan tabarma ina gyangyaɗi."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Ashe zamana a gida ƙara mata aiki ya yi, ni kuma na rage mata rabi saboda shi. Na faɗa wa maigidana. Ran Lahadi bayan sujada ya taka da ƙafarsa har gindin mangwaron, ya dawo yana share gumi, ya ce in ba ta cikakke in ɗora wani abu a kai.

Ƙarshen wata na miƙa mata na ce, "Iya, wannan ladan aikinki ne."

Ta ɗaure fuska, ta mayar da hannunta baya. "Ni 'yar aikinki ce?"

Na yi maza na gyara bakina. "Na sabulu ne, Iya. Da na man shafawa a ƙafa."

Sai ta karɓa, ta ƙulle a bakin zane. Na yi ƙarfin hali na tambaye ta maganar nas. Ta ce tun tuni ta ce mata a'a, wa zai bar jikarsa ya tafi renon ta wani. Har ta kai bakin ƙofa da goyonta, ta juyo ta ce, "Watan jiya na yi kuka a hanya. Ba don kuɗin ba ne, 'yata. Na ɗauka ba kya gani ne."