Eufrosina da Ɗan Aiken Mutuwa

Duk ƙauyenmu, nan cikin duwatsun Veracruz, babu wanda bai taɓa yi wa Doña Eufrosina dariya ba. Tun tana yarinya, in an fita tsinkar 'ya'yan kofi, kowa na cika kwandonsa, ita tana can tana juya ganye tana leƙen tsutsa. Ta sha duka a kan haka, amma hali zanen dutse ne. Ta girma ta san wace tsutsa ce za ta zama shuɗin malam-buɗe-littafi, wace ce ƙuda ya riga ya yi wa ƙwai a jiki, wace ce in ka taɓa gashinta za ka yini kana yarfe hannu. Da abincinsu take gane su. Faɗa mata ganyen da tsutsa ke ci, ta faɗa maka abin da za ta zama.

Wata damina mijinta Crescencio, da muke kira Chencho, ya kwanta ciwon ƙirji. Likita ya ba da magani, ya ce in yana cin abinci zai tashi. Har ya fara samun sauƙi, sai aka wayi gari da baƙin faɗa-wuta, irin babban nan mai faɗin tafin hannu, manne a bango saman gadonsa. Mu nan kowa ya taso da jin cewa in ya shiga ɗakin mara lafiya, ɗaukarsa ya zo yi. Chencho ya dube shi, ya ture kwanon wake, ya juya baya.

"Ci abinci, tsoho," in ji Eufrosina.

"A ba masu rai. Ni an aiko mini."

"Wa ya aiko? Ruɓaɓɓiyar ayabar da ke taga ya biyo, makwaɗaici ne irinka."

"Haka ya zo wa babana. Kira mini fadan coci kawai, tsohuwa."

Maƙwabta kuwa, maimakon su ba shi baki, sai suka fara shigowa da kyandir suna magana ƙasa-ƙasa. Ta fatattake su. Amma tsoro ya kama ta ƙwarai, don ta ga yunwa ce za ta kashe mata miji, ba ciwo ba.

Ta ɗauki adda ta nufi gona. Ta san tsutsar wannan faɗa-wutan ganyen manyan itatuwan da ke yi wa kofi inuwa take ci, da rana kuma ta ɓuya ƙarƙashin ɓawo. Da ciwon gwiwarta, cikin ruwan sama, ta bi itace bayan itace tana ɓamɓara. Ta dawo hannu banza, washegari ta koma. Da ƙyar ta samu guda, toka-toka, kaurin ɗan yatsa. Ta sa ta a babbar kwalba da busassun ganye, ta dire a gaban Chencho.

"Ga ɗan aikenka tun yana jariri."

"Wannan abar? Ƙarya kike."

"To mu zuba. Kai za ka riƙa ba ta ganye. In ba shi ya fito ba, da kaina zan kira fada, in sa a ƙera maka akwati mai kyau. In kuwa ka mutu kafin ya fito, na ci ka."

Chencho, tunda aka ɗaura musu aure, bai taɓa yarda ta kayar da shi a musu ba. Ya yi tsaki. "Miƙo mini kunun masarar nan. Ba don ke ba, don in ga yadda za ki ji kunya."

Tsutsa ta ci, ta ci, sannan ta shige cikin busassun ganye ta naɗe, ta yi shiru. Makonni suka wuce. Chencho na cin tortiya, wainar masararmu, yana harara, yana cewa ta mutu. Eufrosina na dariya a gabansa, amma a ɓoye tana ta leƙen kwalbar. In ƙuda ya riga ya yi wa tsutsar ƙwai, ƙudaje ne kawai za su fito, kuma ta san daga ranar Chencho ba zai sake buɗe baki ya ci abinci ba.

Wata safiya ta dawo daga niƙa, ta tarar da gado babu kowa. Ta shiga dube-dube. Sai ta hango shi a bakin ƙofar baya, tsaye da ƙafafunsa, baƙin faɗa-wuta a bayan hannunsa yana shanya fukafukai. Wata maƙwabciya ta gani ta kan shinge, ta yi ihu, ta rarumo tsintsiya.

"Kul!" in ji Chencho. "Kada ki taɓa shi. Ni na ciyar da shi."

Eufrosina ta ajiye ƙullun a ƙasa, ta zauna a dokin ƙofa, ta yi kukan da ta riƙe tun ranar da ya kwanta.