Dubu da Tara Ba Ta Rabuwa

Tahirou gyaran keke yake yi, amma ba da keke aka san shi a Zongon Kwatano ba. Shi ne mai daidaita sahu a masallacin Juma'a. Ko Alhaji ne ya turo ƙafa gaba sai ya ja masa diddige, kuma ba ya tayar da tasa sallar sai kowa ya samu gurbi.

A Zongo aka binne cibiyarsa, haka ta ubansa. Duk da haka, in ya shiga ofishin gwamnati a unguwar Ganhi sai an tambaye shi yaushe zai koma Nijar. Abin yana ci masa rai ƙwarai.

Da juyin juya hali ya kankama, kowa ya zama kamarad, har liman, sai aka ce unguwanni su fito fareti ranar talatin ga Nuwamba. Boureima, delege, wato wakilin gwamnati a unguwa, ya ƙirga mutanensa, bai tsaya shawara ba ya kai wa rediyo: Zongo za ta kawo mutum dubu da tara. Ya ɗora wa Tahirou jera su, layi daidai da layi, tunda yanzu ba wanda ya fi wani.

Murna ta kama Tahirou. Matarsa Karimatou ta ɗinka masa kaki. Ya ce mata, "In na wuce gaban manya da tutar ƙasa, in ga mai sake ce mini baƙo."

Wajen gwaji a filin ƙwallo ya jera su huɗu-huɗu, shi ma ya shiga sahu, mutum ɗaya ya ragu. Shida-shida, ɗaya. Bakwai, takwas, tara, kullum ɗayan nan na tsaye a baya yana zare ido. Da ya gwada goma-goma abin ma ya fi muni.

Aka kira Chaïbou, malamin lissafi. Ya ce, "Kamarad delege, akwai lambobi masu taurin kai, ba mai raba su sai ɗaya, sai su kansu. Wannan tana cikinsu. Ko dai su bi juna layi guda, ko su jeru kafaɗa da kafaɗa."

"Layi guda ai wani zai shige gaba, mulkin sarauta ya dawo ke nan!" in ji Boureima.

"Kafaɗa da kafaɗa kuma na ƙarshe sai a teku," in ji Chaïbou.

Boureima ya ce lambar maƙiyiyar talakawa ce. Ya so ya kai ta ƙara, aka rasa ofishin da ke karɓar irin wannan. Ƙari ba hali, ragi ba hali, rediyo ya riga ya faɗa. Can dabara ta faɗo masa: dubu da takwas su yi maci, ɗaya ya tsaya bakin titi a matsayin jama'a, ya yi tafi.

Ba wanda aka zaɓa ya zama mai tafin. Ran fareti Tahirou ya yi abin da ya saba, ya cusa kowa a gurbinsa, ya ja diddigen da ya karkace. Da ya waiwaya neman nasa, babu.

Zongo ta wuce sha biyu-sha biyu, sahu kamar an ja zare, manya suna gyaɗa kai. Shi kuwa yana bakin titi cikin sabon kaki, yana tafi, hawaye na neman zubo masa.

Wani soja da ke gadin hanya ya dube shi da tausayi, ya ce, "Baba, ka ga yadda 'yan ƙasa suka iya layi? In ka koma Nijar ka ba su labari."