Hannun Baba Wettaka Ya Fara Rawa

Kowace safiya, kafin kasuwar Mbale ta cika, Baba Wettaka yakan buɗe rumfarsa, ya wanke hannu, ya shimfiɗa tsohon bargo a kan tebur. A kan bargon nan yake kwantar da turombon, wato ƙahon tagullar 'yan badujala mai dogon bututu da ake turawa ana jawowa. Tun kafin a haife ni yake gyaran irin wannan ƙahon. A ƙarshen watan nan zai rufe rumfar, domin hannunsa ya fara rawa. Ina rubuta wannan jinjina ne ina tsoron a rasa wanda zai gaje shi.

Mu masu busa mun san bambancin. Sabon ƙaho ihu yake yi. Tsoho kuwa muryarsa tana da kauri da taushi, bututunsa yana zamewa da ɗan yatsa. Amma tagullarsa ta siranta, idan ta tsage babu madadi.

A ƙungiyarmu ta badujala akwai irin wannan tsohon ƙahon, muna kiransa Tsohuwa. Na marigayi shugabanmu ne, wanda ya bar wasiyya cewa 'yarsa Nambozo ta busa masa shi a bakin kabari. Ranar jana'izar, acaɓan da ya ɗauko Nambozo da ƙahon ya zame a taɓo. Bututun ya lotsa, ya cije. Muka ruga rumfar.

"Kakarki kika goya a acaɓa da damina?" in ji Baba. "Ina kika ajiye hankalinki?"

"Baba, gobe ka zage ni har ka gaji," Nambozo ta ce. "Yau dai ana jirana da gawa."

Ya zura sandar ƙarfe a cikin bututun, ya ɗauki ƙaramar guduma. Muna kallo gudumar tana karkarwa. Bugu ɗaya a inda bai dace ba, Tsohuwa ta yi shiru har abada.

Sai ya ajiye gudumar. "Ba zan iya ba," ya ce. "Kawo hannunki."

"Ni? Baba, zan kashe ta!"

"Ai kin riga kin kayar da ita. Riƙe."

Ya rufe ido, ya bi lotsawar da ɗan yatsa, yana cewa, "Nan. A hankali, ba gyaɗa kike daka ba." Tana bugawa tana hawaye, yana shafawa, har bututun ya saki. Da ta busa a bakin kabari, tsofaffin da ke wurin suka sunkuyar da kai. Muryar da suka sani ce.

Baba Wettaka, kai ne likitan tagulla. Kai ne ka faɗi gazawarka a gabanmu maimakon ka yi caca da kayan marigayi. Mun gode, Allah ya saka maka.

Sai dai tsorona bai tafi ba. Ƙahonin garin nan da yawa sun tsufa, kuma tun daga ranar Nambozo kaɗai ke zuwa koyon gyara. 'Yan'uwana masu busa, watan bai ƙare ba tukuna. Yatsun Baba suna gane lotsawa har yanzu. Hannun da zai riƙe guduma yake nema. Ku kai masa naku.