Huda Biyu a Takardar Mbah Warsinah

Mbah Warsinah, wato Kaka Warsinah, ta yi zaɓe sau tara a rayuwarta, amma in gaskiya za a faɗa, a takwas daga ciki hannunta kawai aka ara.

Bandar kifi take yi a gaɓar birnin Semarang na ƙasar Indonesiya, a unguwar da teku ke shiga ɗakin mutum ba sallama. Sau uku tana ɗaga daɓenta, har ta kai sai ta sunkuya take shiga ƙofarta. Mazaɓar kuwa kowa ya san halinta: inda mai unguwa ya nuna da haɓa, can ƙuri'a ke kwarara. A zamanin tsohon mulki jam'iyyar gwamnati ke lashewa kaf. Da mulkin ya faɗi, tutoci suka sauya launi cikin mako guda, mai unguwa Pak Kasmuri, wato Malam Kasmuri, ya sauya riga, jama'a suka bi shi kamar raƙumi da akala. Duk wanda aka tura majalisar lardi, da alkawarin katangar tare teku ya tafi. Katangar tana nan a bakinsu, ba ta sauko ƙasa ba tukuna.

Ana nan sai Bu Sulasih, wato Malama Sulasih, ta fito takarar majalisar lardi. Ungozoma ce, ita ta karɓi haihuwar jikokin Warsinah. Lokacin da ruwan gishiri ya ruɓar da ƙafar mijin Warsinah, ita ce ta yi wata uku tana ratso ruwa iya gwiwa tana wanke gyambon, har Allah ya karɓi abinsa. Wata ƙaramar jam'iyya mai alamar fitila ta ɗauke ta, ta ajiye sunanta na shida a jeri.

Bu Sulasih ta iske Warsinah a bakin murhu, cikin hayaƙi.

"Mbah, ba roƙo na zo yi ba. Na san ba zan ci ba."

"To me ya kai ki? Hutu ne ya yi miki yawa?"

"So nake a ce wani daga cikin ruwan nan ya taɓa tsayawa."

Warsinah ta juya kifi, ta ce, "Ko ƙuri'a ɗaya za ki samu a rumfarmu, tawa ce. Rubuta ki ajiye, tunda ke kin iya."

Ita ba ta iya karatu ba, takardar zaɓe kuma ba hoton kowa, sai sunaye birjik. Bu Sulasih ta koya mata: takarda mai shuɗin kai ita ce ta lardi, a nemi fitila, a ƙirga layi shida, a huda da ƙusa. Mako biyu tana gwaji da tsinken kifi a ganyen ayaba.

Ranar zaɓe Pak Kasmuri na zaune a bakin rumfa, yana kallon mai shiga da mai fita.

"Mbah, an ce kin shiga siyasa! Kada dai a daɗe a ciki."

"Tun kana yawo ba wando na san ka. Janye ƙafarka in wuce."

Aka ba ta takardu huɗu a ninke, kowacce in an baje ta kai tabarma, wurin hudawa kuma bai fi akurki ba. Ga ƙusa ɗaure da zare, ga soson da ake ɗora takarda a kai a huda. Ta fara warware mai shuɗin kai, ta ga fitila, ta ƙirga shida da ɗan yatsa. Sai ta ji tarin Kasmuri a waje. A da can, wanda ya daɗe a ciki an san tunani yake yi, mai tunani kuwa duk takardar da ya kai ofis ɓata take yi. Zuciyarta ba ta kula da tarin ba, amma hannu ya riga ya saba. Ta soka ƙusa da ƙarfi, ninki na ƙarshe bai warwaru ba, ƙusar ta ratsa har shi ba ta lura ba. Ta gama sauran, ta tsoma ƙaramin yatsa a tawada, ta fito tana taƙama.

Bayan la'asar aka zo ƙirgar ta lardi a gaban kowa. Jami'i na ɗaga kowace takarda ga hasken rana, yana kiran inda huda ta faɗa. Da aka ɗaga wata, ta gane abarta, don ga shatin babban yatsanta na maiƙo da baƙin hayaƙi a gefe. Haske ya ratso ta wuri biyu: ɗaya a kan layi na shida, ɗaya can ƙasa a gidan wata jam'iyya.

"Lalatacciya!" in ji jami'in.

Wani wakilin jam'iyya ya ce, "Wannan kowa nata ne, ba ta son ɓata wa kowa rai!" Rumfa ta kwashe da dariya.

Bakin da kaf kasuwar kifi ke tsoro, ranar nan ya ƙi buɗuwa. Ta ce tawa ce, a yi mata dariyar jahilar tsohuwa? Ta zauna har aka manna sakamako a allo. Gaban sunan Bu Sulasih babu ko ɗigo, don ita kanta a wata rumfar take zaɓe.

Washegari da hantsi ungozomar ta biyo ta wajen murhu. Ta riga ta ga allon.

"Bu, na huda miki. Wallahi na huda."

"Na sani, Mbah," ta ce, da irin muryar da take lallashin marasa lafiya. "Ba komai. An gaya mini Pak Kasmuri na bakin ƙofa. Kowa da abin da yake tsoro."

"Ni ban ji tsoronsa ba!"

"To, Mbah. Zaɓo mini kifi biyu masu kyau, yara na jira."

Warsinah ta naɗe mata kifin a ganye. Bu Sulasih ta yi godiya kamar yadda ake yi wa kowace mai talla, ta tattare zanenta, ta ratsa ruwa ta tafi. Ba ta ƙara tsayawa takara ba, ba ta kuma ƙara tayar da zancen ba.